Daga Karan Awo Zuwa Kundin Waliyyai

A ranar Lahadi, 7 ga Satumba, 2025, Fafaroma Leo na 14 ya tsaya a babban dandalin Fadar Vatikan ya karanta hukuncin da ya shigar da wani yaro ɗan Italiya mai suna Carlo Acutis, wanda sankarar jini ta yi ajalinsa a 2006 yana da shekara 15, cikin sahun waɗanda ɗariƙar Katolika take kira waliyyai. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Bauchi, kuma nakan taya wani gidan rediyo fassarar labaran ƙetare a ƙarshen mako, saboda haka labarin a hannuna ya faɗo. Ban ɓata lokaci ba na rubuta cewa Fafaroma ya naɗa wani matashi waliyyi, aka karanta shi haka a labaran yamma, na kama hanyar gida ba tare da wani abu ya tsaya mini a rai ba.

Washegari bayan la'asar maƙwabcina a unguwar Yelwa, wani dattijo da ya shafe fiye da shekara 30 yana aikin katikis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika, kafin ya ajiye, ya tsayar da ni a ƙofar gida. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali, sai ya ce, "Malam, jiya na ji aikinka, amma akwai kalma ɗaya da ta zame maka. Fafaroma ba ya naɗa waliyyi, domin rawanin ba a hannunsa yake ba." Na ce, "Baba, to me ya yi ke nan, tunda ga duniya ta taru ta shaida?" Ya ce, "Suna ya rubuta a littafi. Wanda ya yi waliyyin daban, wanda ya rubuta sunan daban." Wannan magana ta zauna mini, kuma ita ce ta sa na bi diddigin kalmar da nake fassarawa, wato canonization a Turanci, wadda aka ɗauko daga canonizare ta harshen Latin.

Sai da na fara komawa kan tawa kalmar kafin in ga girman kuskuren. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar naɗi ya san abin da naɗi yake nufi. Mutum yakan shigo da hula a kansa, ya durƙusa, a ɗauko rawani a yi ta kewaya masa shi har a kai ƙarshe, a yafa masa alkyabba, algaita ta ɗauka, ya fito yana Galadima ko Ciroma alhali da safe ba shi ba ne. Naɗin shi ne yake haifar da sarautar, kuma wanda ya naɗa yana da ikon tuɓewa. Idan na ce an naɗa waliyyi, abin da kunnen Bahaushe zai ji shi ne wani ɗan Adam ya ɗauki walittaka ya ɗora wa wani, kamar yadda sarki yake ɗora rawani. Musulmin da ya ji haka zai girgiza kai ya ce wa ya ba shi wannan iko, ɗan Katolikan da ya ji kuma zai ce ba abin da muka yi imani da shi ke nan ba. Da kalma ɗaya na ɓata wa wasu rai, na kuma ɓatar da fahimtar wasu.

Saiwar kalmar kuwa tana cikin fadama, domin asalinta kara ne. Masana asalin kalmomi sun danganta ta da wata tsohuwar kalma ta dangin harsunan da Larabci yake ciki, wadda ke nufin irin karan nan mai tsawo da ke fitowa a bakin ruwa, ɗan'uwan kyauro da gora a wurinmu. A harshen Akkad na tsohuwar ƙasar Iraƙi ana ce masa ƙanu, a Ibrananci ƙaneh, a Larabci kuma akwai ƙanat. Wannan kara yana da siffofi biyu da suka amfani mutane, cikinsa rami ne kuma jikinsa miƙaƙƙe ne, sai kowace siffa ta haifi nata zuriyar kalmomi. Daga ramin ne aka sami ma'anar bututu da magudanar ruwa, shi ya sa Larabawa suke kiran mashigin Suwes da ƙanat, kuma har tashar talabijin ma ƙanat suke ce mata a yau, kamar yadda duk mai kallon tashoshin Larabawa ya sani. Daga miƙewar kuma aka sami ma'anar awo.

Girkawa sun ari kalmar suka ce kanna ga karan kansa, suka kuma fitar da kanon, wato miƙaƙƙiyar sandar da magini ko masassaƙi yake dafawa a jikin aikinsa don ya ga ko ya karkace. A nan ne na tuna da wani mai sayar da yadi a kasuwar Wunti da nake zuwa wurinsa tun ina saurayi. Sandar awonsa ta yi baƙi ƙirin saboda damƙa, an lulluɓe bakinta biyu da ƙarfe don kada ta ci ta rage, kuma idan gardama ta tashi tsakaninsa da mai saye a kan ko shaddar ta cika yadi 10, ba ya rantsuwa, sai ya miƙa wa mutum sandar ya ce ya auna da kansa. Sandar ba ta ƙara wa shadda ko taƙi ɗaya, ba ta kuma rage mata, iyakarta ta nuna abin da yake nan. Wannan ita ce ainihin ma'anar kanon, kuma da na fahimci haka sai maganar dattijon nan ta fara fito mini fili. Irin wannan sanda ce aka ambata a littafin Ezekiyel na cikin Baibul, sura ta 40, inda wani mutum yake riƙe da karan awo mai tsawon kamu 6 yana auna katangar haikali, kuma kalmar da ke wurin a Ibrananci ita ce ƙaneh.

Daga sandar da ake riƙewa a hannu sai kalmar ta koma ma'aunin da ake riƙewa a zuci, wato ƙa'ida. Bulus, wanda wasiƙunsa suke cikin Sabon Alkawari na Baibul, ya yi amfani da ita da wannan ma'ana a wasiƙarsa ga Galatiyawa, sura ta 6 aya ta 16, kuma lokacin da manyan malaman Kirista suka yi taron Nikiya a shekara ta 325, ƙa'idoji 20 ɗin da suka zartar kanon aka kira kowace ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kalmar ta yi tafiya ta dawo gida da sabuwar riga. Larabawa sun karɓe ta daga Girkanci suka ce ƙanun, ma'ana doka ko tsari, kuma da ita Ibn Sina ya raɗa wa babban littafinsa na likitanci suna, wanda ya kammala a 1025. Turkawa ma da ita suka yi wa Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, laƙabin Kanuni saboda dokokin da ya tsara. Ashe duk ɗalibin da ya karanta kulliyar shari'a da ƙanun yana furta 'yar'uwar wannan kalma ta Vatikan kullum bai sani ba. Alƙalami ma irin wannan tarihi gare shi, don ƙalam ta Larabci tana da dangantaka da kalamos ta Girkanci, wadda ita ma kara take nufi, kuma almajiranmu har gobe daga kara suke feƙe shi.

Mataki na ƙarshe a tafiyar ma'anar shi ne daga ƙa'ida zuwa jeri. Idan aka auna abubuwa da yawa, waɗansu suka cika waɗansu suka gaza, dole a rubuta waɗanda suka cika a wuri ɗaya, sai jerin da kansa ya ɗauki sunan ma'aunin. A shekara ta 367 Atanasiyus, bishop, wato shugaban coci, na Iskandariya a Masar, ya rubuta wasiƙar da ya lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari a cikinta, ya siffanta su da kalmar da ke nufin waɗanda aka shigar cikin kanon. Wato tun kafin a yi amfani da wannan aikatau a kan mutane, an yi amfani da shi a kan littattafai, kuma ba wanda yake cewa mai jera littattafai shi ya wallafa su. Da kalmar canonizare ta fara bayyana a takardun Rum a ƙarni na 11 game da bayin Allah da suka rasu, wannan ma'anar ta gada, wato a auna rayuwar mutum sannan a shigar da sunansa cikin jerin da aka amince da shi. Har yau lafazin da Fafaroma yake karantawa ranar bikin yana cewa ne sun hukunta kuma sun tabbatar cewa wane waliyyi ne, sun rubuta shi a kundin waliyyai, sun kuma umarci Ikilisiya duka ta girmama shi a haka.

Abin ya daɗe kafin ya koma hannun Fafaroma. A ƙarnonin farko, lokacin da daular Rum take kashe Kiristoci, jama'a ne da kansu suke girmama shahidansu. Da aka kashe Polikarp, bishop na Simirna, wadda ita ce Izmir ta Turkiyya a yau, a wajajen shekara ta 155, mabiyansa sun tattara ƙasusuwansa suka adana, suka riƙa taruwa duk shekara a ranar mutuwarsa. Ana karanta sunayen irin waɗannan a cikin babbar addu'ar coci, wadda ita ma kanon ake ce mata a Rum, kuma a cikin sunayen da ke cikinta har yau akwai mata biyu 'yan Afirka, Perpetuwa da Felisita, waɗanda aka kashe a Kartaj, cikin Tunisiya ta yanzu, a shekara ta 203. Daga baya sai ya zama bishop na kowane yanki ne yake amincewa, kuma da yake kowane gari yana son a ce ƙasarsa ta haifi waliyyi, sai aka fara samun sakaci. Na farkon da tarihi ya tabbatar Fafaroma ya ayyana shi ne Ulrik, bishop na Augsburg a Jamus, wanda ya rasu a 973, Fafaroma Yohanna na 15 ya ayyana shi a 993. A wajajen 1170 Fafaroma Iskandar na 3 ya rubuta wa sarkin Suwidin wasiƙar tsawatarwa, saboda ya sami labarin cewa mutane suna girmama wani da aka kashe yana cikin maye, ya ce ko da an ga abubuwan al'ajabi a kabarinsa bai halatta a girmama shi a matsayin waliyyi ba sai da izinin Rum. Wannan wasiƙa ce aka sa cikin kundin dokokin Fafaroma Giregori na 9 a 1234, daga nan ikon ya tattara wuri ɗaya.

Tun daga lokacin aikin ya ɗauki kamannin shari'a, da shaidu da takardu da masu suka. A 1588 Fafaroma Sikstus na 5 ya kafa hukumar da za ta riƙa duba irin waɗannan buƙatu, kuma an daɗe ana ajiye jami'i guda wanda aikinsa shi ne ya tono duk wani aibi na wanda ake son ayyanawa, har mutane suka yi masa laƙabi da lauyan shaiɗan, ko da yake sunan muƙaminsa na gaskiya mai kare imani ne. Fafaroma John Paul na 2 ya sauƙaƙa tsarin a 1983, kuma shi kaɗai ya ayyana mutum 482 a zamaninsa. A ƙa'idar yanzu sai an shekara 5 da rasuwar mutum ake buɗe bincike, sai fa idan Fafaroma ya ɗage wannan sharaɗi. Da farko ana kiransa Bawan Allah, idan aka gamsu da nagartar halinsa a kira shi Abin Girmamawa, idan aka tabbatar da wani abin al'ajabi guda da ya faru bayan an roƙi Allah ta hanyarsa a kira shi Mai Albarka, sai kuma an sami na biyu sannan a ce waliyyi. Galibi warkewa ce daga ciwo, kuma akwai kwamitin likitoci da yake dubawa ko ilimin likita zai iya bayyana dalilinta. Wanda aka kashe saboda imaninsa ba a neman al'ajabi na farko a kansa. Tsawon jiran ba shi da iyaka, domin Antoni na Paduwa ya rasu a 1231 aka ayyana shi a 1232, amma Joan ta Faransa, wadda aka ƙone a 1431, sai a 1920 sunanta ya shiga.

Da na koma wa dattijon da abin da na tattaro, sai ya ƙara mini hujjar da ta fi duk nawa ƙarfi. Ya ce, "Malam, ka san me ya sa muke bikin dukan waliyyai ranar 1 ga Nuwamba? Saboda mun san waɗanda ke wurin Ubangiji ba a rubuta sunansu ba sun fi waɗanda aka rubuta yawa nesa ba kusa ba. Wataƙila tsohuwar da ke share coci tana cikinsu." Idan har masu kundin da kansu suna cewa akwai waliyyan da ba sa cikin kundin, to babu yadda za a yi shiga kundin ya zama shi ne yake yin waliyyi.

Ita kanta kalmar waliyyi aro ce daga rumbun Musulunci, kuma 'yan Katolika masu ibada da Hausa, irin na dayosis ɗin Bauchi, wato yankin da bishop yake kula da shi, wanda ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe, da ita suke kiran Waliyyi Yohanna da Waliyyi Bitrus. Saiwarta a Larabci kusanci take nufi da jiɓintar al'amari, shi ya sa muke cewa waliyyin amarya a wurin ɗaurin aure, kuma daga nan sarautar Wali ta fito. Kalmar Latin da take fassarawa, wato sanctus, keɓewa da tsarkakewa take nufi. Ma'anonin biyu sun haɗu a kan mutum ɗaya, amma ta ƙofofi daban suka shigo. 'Yan'uwanmu na ECWA da COCIN, waɗanda suke da yawa a ƙasar Tangale da wajajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro, ba su da wannan tsari na ayyanawa ko kaɗan, su tsarkaka suke cewa, kuma a fahimtarsu kalmar ta game duk masu bi, tunda Bulus rayayyun mutane yake kira tsarkaka a farkon wasiƙunsa. Mai fassarar da ya ce Kiristoci sun ayyana waliyyi, bai ce Katolika ba, ya jingina wa waɗannan abin da ba nasu ba.

Mu Musulmi ba mu da wata hukuma da take zama ta yanke cewa wane waliyyi ne. Ma'auninmu yana cikin Suratu Yunus, aya ta 62 da ta 63, inda Allah ya ce waliyyansa babu tsoro a kansu kuma ba za su yi baƙin ciki ba, sannan ya bayyana su da cewa su ne waɗanda suka yi imani kuma suka kasance masu taƙawa. Taƙawa kuwa a zuci take, ba mai ganinta sai wanda ya halicci zuciyar. Duk da haka al'ummarmu ta shaidi wasu da walittaka tun da daɗewa, ba tare da takarda ko zaman kotu ba. Katsinawa suna cewa Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani tun ƙarni na 17, mutane suna ziyartar Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun rasuwarsa a 1817, kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara karamomin Shehu a rubuce. Wannan ya fi kama da yadda abin yake a wurin Kiristocin farko, lokacin da bakin jama'a ne yake shaida. Malamanmu sun yi saɓani mai tsawo, kuma suna kan yi a garin nan, game da ziyarar kaburbura da tawassuli, amma ban taɓa jin ɓangaren da ya ce wani shehi ko wani sarki yana iya ba mutum walittaka ba. A aƙidata ba na yanke wa kowa Aljanna sai wanda nassi ya ambata, kuma a nan na rabu da maƙwabcina, domin shi ya yarda cewa hukuncin Fafaroma tabbaci ne cewa mutumin yana wurin Ubangiji. Amma rabuwar aƙida ba ta ba ni damar in sa masa a baki abin da bai faɗa ba.

Akwai wata kalmar da take neman irin wannan kula, ita ce mu'ujiza. A wurin malaman tauhidi mu'ujiza ta annabawa ce, abin da ya saɓa al'ada a hannun waliyyi kuwa karama ake ce masa, alhali Kiristoci masu magana da Hausa mu'ujiza suke cewa ga duka. Idan labari ya ce an tabbatar da mu'ujizar wani yaro, Musulmi zai iya ɗauka ana da'awar annabci ne. Na zaɓi in riƙa cewa abin al'ajabi, in kuma ƙara da cewa a koyarwar Katolika Allah ne yake warkarwa, waliyyin roƙo kawai ya taya.

Game da babbar kalmar, abin da na tsaya a kai shi ne ayyana, wadda ke nufin a nuna abu a fayyace shi daga cikin saura, kamar yadda hukumar zaɓe take ayyana wanda ya ci, ba ita ta jefa masa ƙuri'a ba. Inda akwai sarari kuma nakan faɗi jimlar a cike, in ce an shigar da sunansa cikin kundin waliyyan Katolika, domin kundi a Hausa yana ɗauke da nauyin da ake buƙata, kuma wannan ya fi kowace fassara kusa da karan awon da aka faro da shi. Binciken da ake yi kafin nan tantancewa ne, mataki na uku kuma ayyanawa a matsayin Mai Albarka, kuma bai kamata a haɗa shi da na huɗu ba.

Wannan bambanci na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Afirka tana da shahidan Yuganda su 22, waɗanda Sarki Mwanga na 2 ya sa aka kashe tsakanin 1885 da 1887, Fafaroma Paul na 6 ya ayyana su a 1964, tana kuma da Josephine Bakhita 'yar Darfur, wadda aka sace tana yarinya aka sayar da ita baiwa, ta rasu a Italiya a 1947, aka ayyana ta a shekara ta 2000. Najeriya kuwa tana da Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan ƙasar Aguleri a jihar Anambra ta yanzu, wanda aka haifa a 1903, ya zama fada, wato limamin Katolika, a 1937, ya tafi gidan masu zuhudu a Ingila a 1950, ya rasu a can ranar 20 ga Janairu, 1964. Fafaroma John Paul na 2 ya zo da kansa har Oba kusa da Onica ranar 22 ga Maris, 1998, ya ayyana shi Mai Albarka. Sau da yawa nakan ji ana kiransa waliyyin Najeriya na farko, amma a ƙa'idar masu abin yana mataki na uku ne.

Dattijon ya gaya mini cewa duk ranar 20 ga Janairu yakan tashi da asuba ya je coci saboda Fada Tansi, kuma ya roƙi Allah ya nuna masa ranar da za a ayyana Fada Tansi waliyyi kafin ya bar duniya. Na ɗauko littafin da nake ajiye kalmomin fassara, na rubuta jimlar da zan bayar idan labarin ya zo a ranar aikina, na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali yana bin layin da yatsa, cewa Fafaroma ya ayyana Fada Tansi a matsayin waliyyi, ya shigar da sunansa cikin kundin waliyyan ɗariƙar Katolika. Ya mayar mini da littafin ya ce in bar gurbi a gaban jimlar saboda kwanan wata.